Shaidar Ɓera a Shari'ar Ƙwaya da Maganin Feshi

 

Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya tsaya a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya ce zai kafa hujja da ɓera. A nan ɓera ɓarawo ne. Shi ke huda buhun masara, shi ke cinye irin da aka adana don damina mai zuwa, kuma ba a karɓar shaidar ɓarawo a gaban alƙali. Sai dai akwai wani ɓeran, fari mai jan ido, wanda bai taɓa leƙa rumbu ba. A keji aka haife shi, a ɗakunan bincike irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, an san nauyinsa da ranar haihuwarsa da abin da ya ci jiya. Shi zan gabatar muku yau. Shari'ar kuwa ita ce: me ƙwayoyin da matasanmu ke haɗiya, da magungunan da suke goyawa a baya suna feshi, ke yi wa sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da motsin jiki? Abin da nake so in kafa abu ɗaya ne. Shaidar ɓera ba ta isa a ce wane zai kamu da cuta kaza ba, amma ta isa ta rushe maganar da aka fi fakewa da ita a majalisa da bakin tasha, cewa ai ga wane can shekara goma yana sha, garau yake.

Sai mun san yadda ake motsi kafin mu san yadda yake lalacewa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhu da masana ke kira substantia nigra, wato baƙin abu, saboda launinsa. Ƙwayoyin jijiyar da ke aikin da ya dame mu a wurin ba su kai miliyan ɗaya ba, alhali ƙwaƙwalwar mutum tana da kimanin biliyan 86. Aikinsu shi ne fitar da wani sinadari mai suna dofamin. Dofamin ba shi ne ƙarfin damtse ba. Matsayinsa kamar na sarkin noma ne a wurin gayya: ga majiya ƙarfi, ga fartanya a hannun kowa, amma sai ya ce a kama ake kamawa. Idan ya yi ƙaranci, naman jiki na nan lafiya lau, amma tashi daga tabarma ya zama aiki, taku ya ƙanƙance, hannu ya riƙa karkarwa a zaune, fuska ta daskare kamar ta mai fushi. Wannan ce cutar da likita James Parkinson ya siffanta a Landan a 1817, ake kiranta da sunansa. An yi shekara 140 ba a san tushenta ba. A 1957 Arvid Carlsson, a ƙasar Suwidin, ya ba zomaye da ɓeraye wani magani da ke zuƙe irin waɗannan sinadarai daga ƙwaƙwalwa, suka kwanta kamar matattu, ya yi musu allurar abin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin, suka miƙe. A 1960 aka duba ƙwaƙwalen mutanen da suka rasu da cutar a Biyana, aka tarar lallai dofamin ne ya ƙare. Maganin lebodofa, wanda har gobe shi ne ginshiƙin jinyar cutar, daga nan ya samo asali. Ke nan dabba ce ta fara nuna hanya.

Ga inda maganar take. Waɗannan ƙwayoyin jijiya idan sun mutu ba sa sake tsiro, kuma tsufa kaɗai yana rage su. Amma ƙwaƙwalwa tana da rara, waɗanda suka saura sukan ninka aiki su rufe gurbin, har sai kusan rabinsu sun tafi kafin hannu ya fara rawa. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin soro ya san wannan. Gara takan shekara da shekaru tana cin azara, rufi yana tsaye, ana kwana ana tashi a ƙarƙashinsa, sai ruwan Agusta ya tona asiri. Mai ɗakin da ya ce rufinsa lafiya yake bai yi ƙarya ba, bai dai hau ya duba ba. Ba a fasa kan mutum mai rai a ƙirga abin da ya rage masa. Amfanin ɓera ke nan. Ana ɗora shi a kan sanda mai juyawa a auna daƙiƙa nawa zai yi kafin ya faɗi, ana sa shi ya bi siririn katako a ƙirga zamewar ƙafarsa. Tun 1970 Urban Ungerstedt ya nuna cewa idan aka lalata waɗannan ƙwayoyin a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwar ɓera, daga baya aka ba shi amfetamin, sai ya yi ta zagaye wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke, kuma yawan zagayen yana nuna girman ɓarnar. Bayan nan sai a yanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri, a rina ta, a ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa akan tarar da ɓarna a cikin ɓeran da ke tafiyarsa daidai.

Labarin da ya haɗa shaye-shaye da wannan cuta ya faru a Kalifoniya ta Amurka a 1982. An kai wasu matasa asibiti a garin San Jose sun sandare, ba sa iya magana, ba sa iya motsi, amma ido biyu, hankalinsu na nan. Likitan jijiya William Langston ya ga alamun Parkinson na ɗan shekara saba'in a jikin masu shekara ashirin zuwa arba'in da 'yan kai, kuma cikin kwanaki abin ya same su. Duk sun yi wa kansu allurar wata hodar maye da aka dafa a ɓoye. Mai dafuwar ya yi ganganci, sai wani gurɓataccen sinadari mai suna MPTP ya fito a ciki. Rahoton farko na 1983 ya ƙunshi mutum huɗu. Gwaji a kan birai da ɓeraye ya warware yadda abin ke aiki: MPTP yana shiga ƙwaƙwalwa, a can ya rikiɗe ya zama wani abu da ake kira MPP+, ƙwayoyin dofamin su zuƙe shi da kansu don sun ɗauka nasu ne, shi kuma ya wuce kai tsaye ya kashe murhun da ke ba ƙwayar halitta wuta. Amma abin da ya fi dacewa da batunmu ya zo ne a 1985, lokacin da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalen wasu da suka yi amfani da hodar ba su nuna alamar komai ba. An ga dofamin ɗinsu ya ragu. Sannan a 1999 Langston ya ba da rahoton ƙwaƙwalen mutum uku daga cikin majinyatan bayan rasuwarsu, shekara 3 zuwa 16 da yin allurar, aka tarar ƙwayoyin jijiyar suna kan mutuwa har lokacin. Gubar ta daɗe da fita daga jini, gobarar da ta kunna ba ta mutu ba.

Nan mai ja zai ce, kuma da gaskiyarsa, ɓera ba mutum ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwallon goro ba, shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, hantarsa tana narka magani da sauri fiye da tamu, shi ya sa ma masana kan raba adadin da aka ba babban ɓera gida shida, na ƙaramin ɓera gida goma sha biyu, kafin su kwatanta da na mutum. Na yarda da wannan duka. Sai dai a lura da ɓangaren da kuskuren ke karkata. Tun a 1976, shekara shida kafin abin da ya faru a Kalifoniya, wani ɗalibin kimiyyar sinadarai a jihar Maryland ya dafa irin wannan hoda, ya sandare. Masu bincike suka gano MPTP a kayan dafuwarsa, suka gwada a kan manyan ɓeraye, ɓerayen suka ɗan sandare suka warware, aka rufe magana. Ashe babban ɓera yana da juriyar wannan guba fiye da mutum nesa ba kusa ba. Da ya nuna alama a lokacin, da wataƙila an yi shiri. Wato bambancin ɓera da mutum ba kullum yake zama sassauci gare mu ba. Wani lokaci shaidan nan rage laifin yake yi. Haka kuma ba na ɓoye cewa masu binciken kansu suna tafka kuskure. A 2002 wasu masana a Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton cewa ƙwayar ekstasi tana lalata ƙwayoyin dofamin a birai, jaridu suka ɗauka, sai a 2003 suka janye, domin an yi musayar takardar da ke jikin kwalba, ashe metamfetamin suka ba biran. Abin kunya ne. Amma su da kansu suka gano, da suka sake gwajin ya ƙi fitowa. Darasin shi ne kada a rataya hukunci a kan bincike ɗaya, a jira a ga ko wasu hannuwa a wasu ƙasashe sun sami abu ɗaya, kuma ko abin da aka gani a keji ya bayyana a asibiti.

Metamfetamin ya cika wannan sharaɗi. Tun shekarun 1970 ake nuna cewa yawan ba ɓeraye shi yana ƙone rassan ƙwayoyin dofamin, kuma raguwar takan daɗe watanni. An yi ta cewa ai adadin da ake ba su ya wuce hankali. Sai a 2001 Nora Volkow da abokan aikinta a New York suka ɗauki hoton ƙwaƙwalen masu sha, suka ga irin wannan raguwa, kuma wanda raguwarsa ta fi yawa shi ya fi nawar motsi da mantuwa. A 2012 aka bi bayanan asibitocin Kalifoniya na mutum sama da 40,000 da aka kwantar saboda shan wannan abu ko danginsa, aka tarar haɗarin Parkinson a cikinsu ya ɗara na sauran majinyata da kashi 76 cikin ɗari. A jihar Utah, a 2015, kusan ninki uku aka samu. Ɓera ya faɗa, mutum ya tabbatar bayan shekara talatin da wani abu. Kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce. An gano ɗakin dafa metamfetamin na farko a Legas a 2011, a 2016 hukumar NDLEA ta kama wani babba a Asaba har da 'yan Meziko huɗu, kuma dattawan da ke cikinmu suna tuna ƙwayar hana gajiya da ake kira a-ji-garau, 'yar gidan amfetamin, wadda leburori suka sha a zamanin da auduga ke tashe. Akwai kuma wani abu da ɓera ya koya mana wanda ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Adadi ɗaya na maganin, idan aka ba ɓera a ɗaki mai sanyi ɓarnar kaɗan ce, idan ɗakin da ɗumi sai ta yi muni. A wani gwaji na ekstasi da aka yi a Chicago a 1998, ba a ga lahani a zafin digiri 20 zuwa 24 ba, daga 26 zuwa 30 aka gan shi. To a auna wannan da rana tsaka a gonar Dandume ko Bakori a watan Mayu.

Amma a gaskiya abin da ke aljihun ɗan ƙwadagonmu Tramol ne, wato tiramadol. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki sun sha magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba da umarnin likita ba, kuma a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 12 cikin ɗari. Tiramadol maganin kirki ne a hannun likita. A Jamus aka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a 1977, iyakar abin da ake ba babba a yini miligiram 400 ne, kuma ƙwayar da aka yarda da ita a Nijeriya mai 50 ce da mai 100. Wadda ke yawo a ɓoye kuwa akwai mai 200, mai 225, mai 250. Biyu a cikin shayin safe an riga an kai iyaka ko an ƙetare ta. Dole in yi adalci a nan: bincike bai nuna cewa tiramadol yana jawo Parkinson ba, kuma duk mai wa'azin da ya faɗi haka ya wuce abin da ke hannunsa. Abin da aka tabbatar a ɓera da mutum shi ne jijjiga, irin ta farfaɗiya, domin maganin yana sassauta birkin da ƙwaƙwalwa ke taka wa kanta. Wanda ya faɗi a kunya ya tashi ya kakkaɓe riga ya yi sa'a. Wanda abin ya kama a kan babur a hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko a bakin rijiyar lambu a Danja, ba shi da wannan sa'ar. Ma'aikatan lafiya kuma su riƙe wani abu da gwajin ɓeraye a Paris ya fito da shi: allurar naloksan, wadda ake karya gubar dangin hodar ibilis ta hiroyin da ita, tana dawo da numfashin ɓeran da tiramadol ya yi wa yawa, amma tana ƙara masa jijjiga, alhali diyazefam yana tsayar da jijjigar amma ya ƙara danne shi. Irin wannan sani ba a samunsa ta hanyar gwada mutane.

Bari in ɗan ratse, domin akwai labarin da ke nuna zurfin da maganin nan ya yi a harkar noma. A 2013 wasu masana daga Faransa suka sanar da cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna cewa itacen gargajiya ne ke yin maganin da kansa. Shekara ɗaya bayan haka masana daga Dortmund ta Jamus suka bi sawu, suka same shi a ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwan na daban a yankin, ba su same shi a tafashiyar kudancin ƙasar ba. Bayaninsu shi ne manoma suna sha, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, fitsari yana mayar da shi ƙasa, saiwa tana zuƙa. Har ƙasar noma ta zama 'yar ƙwaya.

Sauran kayan mayen zan bi ta kansu da sauri. Exol, wanda ake kamawa katan-katan a Kano da Katsina, asalinsa maganin cutar Parkinson ne, abin mamaki: saurayi mai lafiya yana shan maganin tsoho mai karkarwa don nishaɗi. Yana rikita tunani, yana kuma hana gumi, wanda a rana tsaka hanyar mutuwa ce. Zaƙami danginsa ne a aiki, kuma sinadarin da ke cikinsa, sikofolamin, shi ne ainihin abin da masu bincike ke yi wa ɓera allura idan suna so su sa masa mantuwa don gwada maganin mantuwa. Sholisho kuwa, abubuwan da ke tashi daga cikinsa irin su toluwin suna cin farin ɓargon ƙwaƙwalwa da sashen ƙeya mai daidaita tafiya, har mai shaƙa ya riƙa tangaɗi ko bai shaƙa ba.

Yanzu mu koma kan MPP+, domin akwai abin da na ajiye. Da masana suka zana siffar wannan guba, sai suka ga kamar an tsaga kara da wani maganin kashe ciyawa, farakwat, wanda manoma suka fi sani da Gramoxone, mai ƙone ciyawa a yini guda. Hasali ma an taɓa gwada MPP+ ɗin kansa a matsayin maganin ciyawa. Daga nan hankali ya koma gona. A 2002 aka nuna cewa allurar farakwat tana kashe wani kaso na ƙwayoyin dofamin a ƙananan ɓeraye. Kafin nan, a 2000, a Jami'ar Emory da ke Atlanta, an ɗura wa manyan ɓeraye rotenon, maganin ƙwari da ake samu daga tsirrai, kaɗan-kaɗan na makonni, kusan rabinsu suka sami irin ɓarnar Parkinson, har da dunƙulen furotin da ake gani a ƙwaƙwalen masu cutar. Masunta sun san dangin wannan guba, su ne ke cikin majimfa da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya taso. Wanda ke cewa abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa ya riƙe wannan. Sai a 2011 Caroline Tanner da abokanta suka duba manoman jihohin Iowa da North Carolina, 110 masu cutar da 358 marasa ita, suka tarar waɗanda suka yi aiki da farakwat ko rotenon sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen haɗarin kamuwa. Nan ma akwai ja-in-ja, ba zan ɓoye ba. Gwaje-gwajen da kamfanin farakwat ya ɗauki nauyi ba su ga mutuwar ƙwayoyin a ɓeraye ba, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a 2021 hujjar ba ta kai a ce shi ke jawo cutar ba. Amma Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, Sin da ke yin sa ta hana amfani da shi a gida, Faransa ta sa Parkinson cikin cututtukan sana'a na manoma masu feshi a 2012, NAFDAC ma ta sanar da haramcinsa daga farkon 2024. Sanarwa a Abuja daban, abin da ke kan tebur ranar kasuwa daban, kuma wanda ya yi shekara goma sha biyar yana fesawa ba a zare masa abin da ya riga ya shiga.

Ku haɗa hoton da kanku. Wannan yanki ya daɗe a gaba wajen karɓar sabon noma, tun zamanin injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi da gonar iri ta Daudawa, har zuwa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa a 1975, ɗaya daga ukun farko a ƙasar nan tare da Gusau da Gombe. Masara ta mamaye gonaki, kuɗin ƙwadago ya hau, famfon feshi ya karɓe rabin aikin fartanya. Wa ke goya famfon? Yaro ne ɗan shekara goma sha takwas ko ashirin da biyar, an yi jinga da shi, iya famfon da ya zazzage iya kuɗinsa. Ba safar hannu, ba takunkumi, silifas ne a ƙafa mai faso, murfin famfon yana yoyo a gadon bayansa, idan bakin ya toshe ya sa baki ya hura. Don ya gama gona biyu maimakon ɗaya, ya haɗiyi Tramol da safe, kuma aikin Tramol shi ne ya kashe raɗaɗin fata da ciwon kai da jiri, wato 'yan aiken da jiki ke turowa su ce a sauke famfo a nemi inuwa. Guba biyu ko uku, da zafi, da ƙishirwa, a ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba.  Masu bincike sukan gwada guba ɗaya a ɓera mai ƙoshi a ɗaki mai sanyi, don haka a ganina abin da keji ya nuna shi ne mafi sauƙin abin da ake tsoro, ba mafi munin ba.

Za a ce, in haka ne ina masu karkarwar? Amsa ta farko ita ce azara da gara: wanda ya fara a shekara ashirin, sakamakonsa na shekara hamsin ne, kuma yawaitar ƙwaya da feshi a haɗe ba ta kai wannan tsawon ba tukuna. Ta biyu, wa ya ƙirga? Dattijon da hannunsa ke rawa a Kafur ko Faskari akan ce tsufa ne, in bai tsufa ba a ce sammu ko iska, a yi rubutu da turare. Likitocin jijiya 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan, suna manyan asibitoci irin na Shika da na Malam Aminu Kano, lebodofa kuma tsada gare shi, ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Cutar da ba ta da suna a bakin mutane ba ta shiga littafin asibiti. Wasu kuma za su ce wannan matsalar tarbiyya ce, a bar malamai da iyaye su yi aikinsu, a daina wahalar da ɓeraye. Wa'azi yana da muhallinsa, babu mai musu. Amma yaron da ke shan ƙwaya don ya cika jinga ba daɗi yake nema ba, lissafi yake yi, kuma lissafinsa daidai ne idan yini ɗaya ake dubawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai gonar da ke biya bisa yawan famfo, bai tanadi ko sabulu da bokitin ruwa ba, yana cikin lissafin. Abin da ilimin ƙwaƙwalwa ke ƙarawa shi ne ya nuna wa yaron da mai gonar ɓangaren kuɗin da ba a biya yau. Akwai ma labari mai daɗi a ciki, domin hotunan Volkow sun nuna cewa bayan shekara guda ko fiye da barin metamfetamin wani kaso na abin da ya ragu yana farfaɗowa. Reshen da ya ƙone yana iya tohowa muddin kututturen bai mutu ba.

Ga ɗalibai da malaman jami'a da ke nan, ina da ƙorafi. Ana yin gwajin ɓera da yawa a Zariya da Kano da Sakkwato, amma akasari salonsa ɗaya ne: a ba ɓera guba, a ba shi jiƙon wani ganye, a ce ganyen ya taimaka, a rufe kundi. Ba na raina wannan, kayan aiki ne babu. Sai dai tambayar da ke gabanmu ba ta buƙatar injin miliyoyi. Rukuni huɗu na ɓeraye, ɗaya ba komai, ɗaya tiramadol, ɗaya maganin ciyawar da ake sayarwa a kasuwar Funtuwa a shafa a fata kamar yadda yake zuba a bayan mai feshi, ɗaya duka biyun, a ɗakin da zafinsa ya yi daidai da na gona, sannan wanda zai ƙirga ƙwayoyin jijiyar kada ya san wane ɓera ne a gabansa. Cibiyar bincike da Dokta Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ta nuna cewa ana iya girke na'urorin zamani a Arewa. Kuma aikin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Legas ta yi da abokanta, wanda ya fito a 2023, ya gano wani sauyi na gado da ke ƙara haɗarin Parkinson a 'yan asalin Afirka ta Yamma, wanda binciken Turawa bai taɓa gani ba don ba a jininsu yake ba. Wanda ya gaji rauni kuma ya goya famfo, shi ma tambaya ce da ba wanda zai yi mana ita.

Rabin aikin kuwa ba na keji ba ne, kuma wannan ƙasa ta taɓa yin irinsa. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun kafa shirin bincike a Malumfashi. An bi ƙauyuka gida-gida an rubuta mutane, an bi diddigin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da saran maciji, har sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitanci na duniya. Irin wannan rajista ake buƙata ga 'yan feshi: shekarar da mutum ya fara, sunan maganin da ke jikin galan, famfo nawa a yini, me yake sha kafin ya fita, ko ya taɓa faɗuwa. Gwajin kansa ba ya cin kuɗi. A sa mutum ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, ya yi taku ashirin ya juyo a ga ko hannuwansa biyu suna lilo daidai, ya zana da'ira mai naɗewa a takarda, a miƙa masa daddawa da citta da man shafawa ido rufe ya faɗi ƙanshin, domin dushewar jin ƙanshi takan riga karkarwa da shekaru. Ma'aikacin lafiya na matakin farko zai koyi wannan a mako guda. A maimaita duk bayan shekara biyu, a lokacin rani bayan an kai amfani gida, sa'ad da 'yan ƙwadago ke gari kafin su tafi cin rani.